Sabuwar kwamfuta da manhajar share rajista

Yarona, jiya da Alhajin nan na Ƙofar Ƙaura ya kawo laftof ɗinsa sabuwa dal a kwali, ka tambaye ni ko mu sa masa manhajar share rajista tun yanzu, don kada ta yi nauyi nan gaba. Na yi shiru ne saboda mutumin yana tsaye a kanmu. Ba za mu sa ba, kuma ina so ka san dalili, don wata rana ba na shago wani zai tambaye ka.

Rajista kundi ce da Windows ke ajiye saitunanta a ciki: wace manhaja ke buɗe wane fayil, wane direba (ƙaramar manhajar da ke sarrafa na'ura) ne na firinta, me zai tashi in an kunna. Tun Windows 3.1 ta 1992 take nan. In ka shiga C:\Windows\System32\config za ka ga fayilolinta, SYSTEM da SOFTWARE da SAM, kowane mai amfani kuma yana da NTUSER.DAT nasa. Gaskiya ne in an cire manhaja takan bar 'yan layuka a baya. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, Windows ba ta bin kundin nan daga Baƙara zuwa Nasi kamar mai tilawa. Abin da take nema kawai take zuwa ta ɗauka. Dubi gwangwanin sukurorina: rabinsu na injinan da suka mutu tuntuni ne, amma sun taɓa hana ni ɗauko wanda nake so? To ita ma haka. Balle wannan da ba a taɓa sa mata komai an cire ba, me za ka share?

Za ka ce ai in an kunna manhajar takan nuna matsaloli ɗaruruwa da jan rubutu. Mafi yawa guraben da ba komai a ciki ne da sunayen fayilolin da aka buɗe kwanan baya. Jan rubutun don gabanka ya faɗi ne ka ciro katin banki.

Su kansu Microsoft sun taɓa yin tasu mai suna RegClean, daga baya suka janye ta, yanzu kuma sun faɗa a fili ba sa goyon bayan amfani da irin waɗannan manhajoji. Ka kuma tuna sai ka ba manhajar shara cikakken iko a kan na'ura kafin ta yi aiki. A 2017 'yan kutse suka cusa ƙwayar cuta a cikin manhajar shara mai suna CCleaner 5.33, mutum sama da miliyan 2 suka sauke ta daga hannun masu ita, ba daga wani lungu ba.

Ni ma na ɗanɗana, tun kafin ka zo. Wata ɗaliba ta kawo laftof saura kwana uku ta miƙa aikinta na ƙarshe, tana kukan nauyi. Na danna mata shara da wata manhaja, ina jin kaina gwani. Ko da na sake kunnawa, manhajar rubutun ta ƙi buɗewa, firinta ta ɓace. Ban ajiye madogarar komawa baya ba, wato ajiyar saitunan da za a mayar da kwamfuta gare su in abu ya lalace. Na yi isha'i a shagon nan, janareta yana shan mai, yayanta yana zaune a bencin can bai ce mini uffan ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Kuma kada ka dogara da foldar RegBack, tun sigar Windows 10 mai lamba 1803 aka daina zuba ajiyar rajista a cikinta kai tsaye.

In sabuwar kwamfuta tana jan ƙafa, ba nan ciwon yake ba. Kwanakin farko tana ta sauke sabuntawa, ka bar ta ta gama. Sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc, ka duba abubuwan da ke tashi tare da ita, ka kashe na banza. Riga-kafin ƙwayar cuta na gwaji da kamfani ya liƙa mata, in mai ita ba zai biya ba, cire shi ta Settings, Defender, riga-kafin da ke zuwa da Windows, ta wadatar. RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) 4GB kuwa shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, to kada ka yi tsammanin gudu. In faifan mai juyawa ne, SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa, ce maganin. Tokunbo da aka ce maka sabuwa ce, goge ta ka sa Windows daga tushe. In hunturu ya kama kuma, ƙurar Katsina ta toshe fanka, sai injin ya yi zafi ya rage gudu da kansa, buroshi da iska ne aikin.

Jeka ɗauko ta Alhaji, ka fara ajiye madogarar komawa baya, ka sa ta a caji ta gama sabuntawa. Ya ce bayan la'asar zai turo direbansa.