Sifirin mai tauri ko mai laushi: amsoshin tambayoyinku kan mota

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla. Nakan je Ngaundere ɗauko kayan shago da ke zuwa ta jirgin ƙasa, wani lokaci kuma in kai iyali Marwa. Kwanan nan bayan motar ya zauna, mutum uku kawai zan ɗauka a baya sai ta riƙa buga ƙasa a tudun rage gudu. Bakanikena ya ce a sa mata sifirin na wata babbar mota, wai ya fi ƙarfi. In yarda? (Wani ɗan kasuwa, Garwa)

Wa alaikumus salam, Alhaji. Dakata tukuna, kada ka yarda.

A fara gano mai laifin. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shi ke tsayar mata da tsayinta. Amotisa, wato shokazoba, aikinsa kawai ya kashe lilon da sifirin ke yi bayan an faɗa rami. Ka ajiye motar a daidaitaccen wuri ba kaya, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin ƙarfen da ke saman taya, hagu da dama. In gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka, ko duka biyun sun yi ƙasa in an gwada da wata Corolla irinta mai lafiya, sifirin ya gaji ko ya karye. Sannan ka danna bayan motar da ƙarfi ka saki. In ta ci gaba da rawa, ko ka ga mai na tsiyaya a jikin amotisa, to shi ma ya tafi. Sau da yawa tare suke mutuwa, amma sai a canza ɗaya a bar ɗaya, daga baya a ce kayan da aka sayo ne jabu.

Yanzu ga lissafin da bakanikenka bai yi maka ba. A ce sifirin ɗinka na nitsewa santimita 1 a duk kilo 25. Ka ɗora buhu mai kilo 100 daidai kan tayoyin baya, kowane gefe ya ɗauki 50, mota ta sauka santimita 2. In ka sa wanda ya ninka shi tauri, santimita 1 kawai za ta sauka, kowa ya gani ya ce madalla. Amma taurin nan ba ya tafiya hutu ranar da ka sauke kaya. Duk ramin da taya ta taka, dukan zai iso ƙugun Hajiya da ke zaune a baya da ƙarfin da ya fi na da nesa ba kusa ba.

Ba wahalar zama ce ta fi damuna ba. Ana yawan cewa sifirin mai tauri ya fi riƙe hanya, kuma gaskiya ne a kan kwalta mai santsi: mota ba ta kwanciya gefe a kwana, gabanta ba ya dulmiya in an taka birki. To, namu hanyoyin fa? A kan gargada, sifirin mai laushi yana barin taya ta bi ƙasa, ta shiga rami ta fito tana manne da hanya. Mai tauri kuwa sai ya sa ta riƙa tsalle, kuma tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Bugu da ƙari, in baya ya yi tauri sosai gaba yana nan da laushinsa, bayan motar ne ke fara zamewa a kwana. Ka tuna gangaren dutsen nan da ake saukowa bayan an bar Ngaundere za a nufi Garwa, kwana bisa kwana, ga kaya a but. Ba wurin gwaji ba ne.

Shawarata: ka nemi sifirin na wannan Corollar, na shekararta. In kusan kullum da kaya kake tafiya, akwai waɗanda aka ƙera wa ƙirar motar musamman don ɗaukar kaya, taurinsu ya ɗara na asali kaɗan. Akwai kuma wanda naɗinsa ke kusa da juna a gefe ɗaya, a ware a ɗaya gefen. Shi wannan da laushi yake farawa, sai nauyi ya hau shi yake yin tauri, kuma shi ya fi dacewa da mai tafiya wayam ya dawo da lodi irinka. A canza hagu da dama tare, a duba robar da ke hana ƙarfe bugun ƙarfe in sifirin ya nitse gaba ɗaya, a sa amotisa sabo in na ciki ya tsufa.

Ka kuma leƙa ƙaramin allon da ke jikin ƙofa ko ƙarƙashin murfin inji, akwai iyakar nauyin da motar za ta ɗauka. Na Corolla bai wuce kusan rabin tan ba, har da kai da fasinjojinka. In kayanka sun fi haka, mota za ka canza, ba sifirin ba.

Tambaya: Ina tuƙa Hilux, ina jigilar albasa da kayan masarufi, nakan tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena. Na ƙara falle biyu a sifirin na baya, wanda fallayen ƙarfe ne da aka jera bisa juna. Da lodi lafiya lau, amma in ba kaya sai ta riƙa tsalle, a kan burji ma bayanta na gudu gefe. (Wani direba, Kuseri)

Ɗan'uwa, abin da ka saya ke nan. Ka leƙa ƙarƙashin Hilux da ba a taɓa ba, za ka ga siraran fallaye a sama, a can ƙasa kuma wani kakkauran falle kusan miƙaƙƙe. Wannan na ƙasan zaman jira yake yi, ba ya kama aiki sai lodi ya danne na saman sun iso shi. Kai kuwa ka cusa ƙarin a cikin waɗanda ke aiki kullum, don haka motar a taurare take ko babu ko buhu ɗaya. Ka cire falle ɗaya ka gwada. In dole sai da ƙari, a ƙarfafa na jiran. Iskar taya ma ka rage ta zuwa abin da aka rubuta na mota marar kaya in za ka dawo wayam, domin da yawa daga cikin tsallen nan daga can yake.

Toyota da kanta ta raba aikin gida biyu. A 1999 ta mayar da gaban Land Cruiser 70 sifirin mai naɗi don sauƙin zama da sarrafa sitiyari, ta bar fallaye a baya don kaya. Hilux ma tun daga ƙirar 2005 haka take.

Ƙarin falle ba ya ƙara wa birki, taya ko shasi ƙarfi ko kaɗan. Wanda ya san hanyar Mora zuwa Dabanga ya ga yadda shasi ke tsagewa. In an buɗe fallayen, a sa sababbin ƙarafan ɗauri, a sake ɗaure su bayan tafiyar farko. Kada ka bari a gasa falle da wuta don a ɗaga shi, ko a yi wa karyayye walda. Zafi na kashe ƙarfen, zai sake karyewa a daidai wurin.

Tambaya: Ɗana ya sayo mini mota daga Turai. Tana da kyau, amma ta yi ƙasa sosai, cikinta na gogar hanya, ga bugu. (Wata uwa, Marwa)

Hajiya, Allah ya yi wa yaron albarka, ya sanya alheri. Da alama mai motar na farko ya sa mata gajeren sifirin na masu son gudu, wanda kan sauke mota santimita 3 zuwa 4. A mayar mata da na asali. In na hannu za a saya, a duba tsatsa sosai, musamman naɗin ƙarshe na ƙasa, saboda gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe. A kuma gaya wa mai sayarwa ko injin fetur ne ko na gazuwal, domin na gazuwal ya fi nauyi, sifirinsa na gaba daban ne. Ɗigon fentin da ke jikin naɗin ya zama iri ɗaya a na hagu da na dama.

Tayoyin ma a dube su. Taya mai lamba 215/45 R17 tsayin gefenta kusan santimita 10 ne, mai 195/65 R15 kuwa ya kusa 13, kuma wannan ƙarin robar ce ke fara shanye duka kafin ya kai ga sifirin. In ƙaramin wili, wato na R15 maimakon na R17, zai shiga ba tare da ya taɓa birki ba, a koma masa.