Tambaya da Amsa: Agogon da ya narke a falon Madam

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Ina aikace ne a wani gida a nan Jidda, Madam ta sayo wani agogon tagulla da ya lanƙwashe ya zubo daga kan kanta kamar ya narke, sai kuma mutum-mutumin wata mata mai durowa-durowa a jiki. Kullum ni nake goge su amma wallahi gabana faɗuwa yake, ba tsafi ba ne kuwa? Wai ta ce na Dali ne na asali. Daga wata ƙanwarki a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki, ba tsafi ba ne. Salbado Dali mai zane ne ɗan Sifen, an haife shi a 1904 ya mutu a 1989, yana cikin masu salon suriyalizim da marubucin nan ɗan Faransa Andire Bireton ya fitar da manufarsa a Paris a 1924, su mafarki suke zanawa. Kuma duk tunanin Sigmun Furoid ne ya ja su, likitan nan na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya da ya ce abin da mutum ya danne a zuciya, tsoro ne ko sha'awa ko abin da ya same shi tun yana yaro, ba ya mutuwa, sai ya sake kama ya fito a mafarki. Kin ga ba irin fassarar mafarkin da muka saba ba ce ta neman ishara kan abin da ke tafe, shi baya yake dubawa.

To durowar nan ita ce wurin ɓuyan, sirrin da mutum ya kulle har shi kansa ya manta da shi. A 1936 Dali ya ɗauki kwafin tsohon mutum-mutumin Girkawa na Binus, allahiyar soyayya, ya yanka masa durowa a goshi da ƙirji da ciki da gwiwa, da filasta ma ya yi, sai a 1964 aka zuba na tagulla. Dali ya matsu da Furoid har sai da ya je ya same shi a Landan a 1938, tsohon yana da shekara 82.

Agogon kuma asalinsa zane ne na 1931, ɗan ƙarami, santimita 24 da 33, yana birnin Niyok na Amurka. Ana cewa yana nuna yadda lokaci ke rasa ƙarfi a mafarki, shi kuwa Dali cewa ya yi cuku ya gani yana narkewa. Ni dai fassarar da 'yan kasuwa ke rubutawa a kwali ta cika tsafta, wannan na nufin kaza wancan kaza, mutumin ma da gangan yake rikita mutane.

Maganar na asali kuwa, hmm. Na tagullan da yawa ake zuba su daga abin zubi ɗaya, wasu ma bayan mutuwarsa, ga jabu birjik a kasuwa. Idan kin zo gogewa leƙa gindinsa ko akwai lamba da hatimin maƙerar da ta zuba shi, amma ko da su sai an haɗa da takarda. In babu ki ja bakinki ki yi shiru don Allah, kar Madam ta ce Anti ce ta zuga ki. Hukuncin ajiye mutum-mutumi a gida kuma wannan fagen malamai ne, su za ki tambaya.