Amsa ga mai tambaya kan ƙurajen wuya bayan aski da aska

Ɗan'uwa wallahi ina karanta tambayarka kamar ni na rubuta ta, wannan da ka ce duk ranar da ka gyara wuyanka da aska washegari sai raɗaɗi da ƙaiƙayi, kwana biyu kuma ƙuraje su feso a ƙasan haɓa, ni na shekara kusan shida a cikinsa.

Nawa ya kai maƙura ne a 2019 satin bikina. Ana jibi ɗaurin aure na je wajen wani wanzami da abokaina ke ta yabo wai hannunsa laushi, na faɗa masa tun kafin ya buɗe zabira cewa wuyana ba ya son aski sosai, ya bi a hankali, ya ce shi shekara talatin yana riƙe da aska ba yaro ne zai koya masa ba. Ruwan sanyi ya ɗan shafa min da yatsa, ko sabulu babu, ya ja fatar wuyana ya ɗame ta kamar ganga, ya dinga kankarowa daga ƙasa zuwa sama, wuri ɗaya sau uku sau huɗu wai sai ya yi sumul, ina ce masa baba da zafi yana cewa ango ai sai da haƙuri. Da ya gama ya kwarara min sifirit. Ranar ɗaurin aure wuyana ya kumbura ya yi jawur, ƙuraje har da masu ruwa, wuyan kaftani da aka sa wa sitati yana gugar wajen, ina gaisawa da jama'a ina murmushi amma Allah kaɗai ya san abin da nake ji, ko waiwaye ba na iya yi sai dai in juya da jikina gaba ɗaya. Abin da ya fi min ciwo har yau, da na koma na nuna masa ko sannu bai ce min ba, cewa ya yi jinina ne ba kyau. Jinina! Baƙin tabon nan sai da ya yi fiye da shekara kafin ya dushe, kuma har yanzu in na kalli hotunan bikin wuyan nake fara gani.

To daga baya ne likitan fata ya fahimtar da ni ba maganar jini ba ce. Gashinmu a murɗe yake fitowa, idan aska ta yanke shi ƙasa sosai bakinsa ya zama tsini, yana tsirowa sai ya lanƙwaso ya soki fata ko ya kasa fitowa ma ya kwanta a ciki, jiki kuma ya ɗauke shi kamar ƙaya, shi ne kumburin da kake gani. Kaga kenan wannan sumul ɗin da muke nema shi ne yake cutar mu.

Dan Allah yanzu ka ajiye askar nan tukuna, sati uku zuwa huɗu kar ta taɓa wuyanka, bari wajen ya warke. Na san da wuya, ni ma a wajen aiki an yi ta min magana, in ya dame ka rage shi da kilifa ka bar ɗan tsiro. Aski a kan ƙurji shi ne ke kawo tabo, wasu ma tabon har tudu yake yi, irin wanda kake gani a ƙeyar mutane.

Kuma wannan hutun zai maka amfani, in gashin ya ɗan fito ka shafa da yatsa ka gano inda ya kwanta. Na wuya ba kamar na kumatu ba ne, ni nawa a ƙarƙashin haɓa ƙasa yake kallo, gefen hagu ya karkata wajen kunne, can ƙasa kuma sama yake yi. Shekaru ina jan aska daga sama zuwa ƙasa ina ganin daidai nake, ashe rabin wuyan saɓa masa nake. Ka bi inda ya kwanta, sau ɗaya, ko bai yi sumul ba ka ƙyale shi. Kar ka ɗame fatar da ƙarfi, ka dai riƙe ta yadda ba za ta tattare ba. Wajen maƙogwaro ka ɗan ja fatar gefe ka aske a can.

Ruwan ɗumi kuma kar ka yi wasa da shi musamman da hunturu da fata ke bushewa, ka yi askin bayan wanka ko ka jiƙa tawul ka ɗora kamar minti uku, sannan kumfa mai kauri, in ta bushe ka sake shafawa, aska ba ta bin busasshiyar fata. Ita kanta askar in ba kaifi jan gashi take, kai kuma sai ka ƙara dannawa, daga nan ne ɓarnar take farawa. Ka wasa ta a jemammiyar fatar wasa aska kafin kowane aski, ka kwantar da ita kusa da fata kamar digiri 30 ko ƙasa da haka, kar ka tsayar da ita kamar mai kankare ƙanzo, nauyinta kaɗai ya isa.

Af, in wajen wanzami kake zuwa ka tafi da askarka ko a ɓare sabuwar reza a gabanka. Wannan ba ma maganar ƙuraje ba ce, ciwon hanta ana ɗaukarsa ta askar da jinin wani ya taɓa, na rasa ɗan ƙanin babana da ciwon hanta shi ya sa ba na iya yin shiru a kan wannan. Ba wai duk wanzamai nake kushewa ba, wanda nake zuwa yanzu dattijo ne mai sauraro, in na ce ya isa to ya isa.

Bayan aski ruwan sanyi nake wankewa da shi, in jiƙa alif in goga sama-sama, bayan ɗan lokaci in ɗauraye, sai man kaɗanya ɗan kaɗan. Sifirit da turare na rabu da su a wuya. Ranar da na yi aski ba na ɓalla maɓallin wuya, kuma sau ɗaya a sati nake yi, ranar Alhamis da dare don fatar ta huta kafin Juma'a. Kar ka matsa ƙurjin, kar ka tuge gashin, in ka ga bakinsa ya shige ka ɗago shi kawai da allura mai tsabta.

Amma in ka ga mugunya, ko wajen yana tauri yana tudu, ka bar duk abin da na faɗa ka je wajen likitan fata, kar ka yi jinkirin da na yi. Allah ya ba ka lafiya ɗan'uwa, bayan sati huɗun ka faɗa min yadda wuyan ya koma.