Ga ƙaninmu da ya samu gurbi a BUK

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga tambayar da ƙaninmu ya ajiye jiya. Ya samu gurbi a Jami'ar Bayero ta Kano, wato BUK, ya nemi karatun lauya amma aka ba shi ilimin zamantakewa. Gidansu yana Yakasai, yana tambaya ko ya riƙa jeka-ka-dawo daga gida ko ya nemi hostel, sannan ya ce mu da muka gama tuntuni mu faɗa masa gaskiya, me karatun ya tsinana mana wajen neman abinci.

To ƙanena, ina taya ka murna, Allah ya sanya albarka. Waɗanda suka riga ni amsawa sun yi maganar dagewa da karatu, kuma gaskiya suka faɗa. Ni wani gefe zan taɓa, don ni ma ɗan cikin badala ne, kuma a makarantar nan na yi digirina a fannin labarin ƙasa.

Abin da na fi jiye wa ɗan Kano tsoro a BUK shi ne ya shiga ya fito bai san kowa ba sai waɗanda ya sani tun sakandare. Abin yana da sauƙin faruwa. Ka hau adaidaita sahu da safe, ka bi ta Kabuga ka miƙe titin Gwarzo, ka wuce Rijiyar Zaki ka sauka a sabuwar jami'a. Ka zauna a aji kusa da ɗan unguwarku, ana tashi daga lakca ku tari mota ku koma cikin gari, da daddare kuna majalisarku ta ƙofar gida. Haka za a yi shekara huɗu. Na ga masu yawa da suka yi hakan, kuma yaran kirki ne masu ƙoƙari, sun fito da takarda mai kyau, amma duniyarsu ba ta ƙaru ba.

Alhali jami'ar tarayya ce, daga ko'ina ake zuwa. Gaskiya ne a cikin gari aka haife ta, a 1960, a harabar Makarantar Nazarin Larabci, da sunan Kwalejin Ahmadu Bello. A 1962 ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero ƙarƙashin jami'ar Zariya, sai a 1977 ta tsaya da ƙafarta. Amma tun can baƙi suke cika ta. Farfesa Attahiru Jega daga ƙasar Kebbi ya zo karatu, ya zauna ya koyar, ya shugabance ta daga 2005 zuwa 2010 kafin a ba shi hukumar zaɓe. Wato an kawo maka Nijeriya har ƙofar gida, ba ka biya kuɗin mota ba. Asara ce ka bar ta ta wuce.

Ni a shekara ta biyu na samu gado a hostel. A ɗakinmu akwai wani Igala daga Ankpa, da wani Babur daga Biu, da wani Kirista daga kudancin Kaduna. Akwai kuma wani Ibo haifaffen Sabon Gari wanda ba ɗan ɗakin ba ne amma kullum yana nan, Hausarsa har da karin magana. Risho ɗaya muke da shi. Mutumin Ankpa shi ke zuwa da jarkar manja da garin kwaki daga gida, ni kuma duk Asabar in je cikin gari Hajiya ta haɗo ni da yaji da ƙuli-ƙuli da wake. Idan wata ya yi nisa, tukunya ɗaya ake ɗorawa, shinkafa da wake, a zuba a faranti ɗaya kowa ya sa cokali. Da azumi, abokinmu Kirista ba ya cin komai a gabanmu, sai ya ɗauki kwanonsa ya fita baranda, ba tare da wani ya roƙe shi ba. Mu ma ranar Lahadi da safe ba ma kunna rediyo sai ya gama shirinsa ya tafi coci. Mun yi musu sosai, kan siyasa, kan tarihi, wani lokaci har rai ya ɓaci, amma da safe tare za a fita. A ɗakin nan na koyi yadda ake faɗa wa mutum ba ka yarda da maganarsa ba kuma ku ci gaba da cin abinci tare. Wallahi har yau da wannan nake aiki.

Ka tambayi maganar neman abinci. Ni yanzu a kasuwar Dawanau nake, ina harkar riɗi da zoɓo. Da na fara, saye nake in sayar wa masu fitarwa waje, ribar kaɗan ce. Na san zoɓonmu Meziko ake kai mafi yawansa, riɗi kuma yana tafiya Japan da Sin da Turkiyya, amma ban san ƙofar shiga ba. Abokin nan na Sabon Gari, wanda a lokacin ya koma Legas yana aikin fiton kaya a tashar Apapa, shi ya zaunar da ni a waya dare bayan dare. Ya nuna min yadda ake rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, yadda ake cike fom ɗin fitar da kaya da ake kira NXP ta banki, da takardar lafiyar tsirrai da sai an same ta kaya ke fita. Bai karɓi sisina ba. Da na je Legas a gidansa na sauka, matarsa ta tambaye shi abin da nake ci da wanda ba na ci tun kafin in iso. Shi ma idan yana neman amintaccen mutum da zai duba masa kaya a Kantin Kwari, ni yake kira. Ita kuwa wata 'yar ajinmu Bayarabiya daga Ilori, wadda duk ajin littafinta ake aro saboda kyan rubutu, banki ta shiga, ita ta gyara min takardun farko da na kai neman jari.

Ba zan ce maka kowa ya dace ba. Akwai wanda ya fi mu ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, ya daɗe yana yawo da takardu kafin ya haƙura ya kama gyaran waya a Farm Centre, yanzu da yaransa a shago, amma ya sha wuya kafin nan. Mutumin Biu malamin sakandare ne, albashin ba ya kai shi ƙarshen wata, noma ke rufa masa asiri. Wasu sun koma shagon iyayensu a Kwari da Singa, kuma kana ganin bambanci a yadda suke riƙe littafin lissafi da yadda suke magana da kamfanoni. Wata matar aure da take zuwa lakca da goyo, muna tausaya mata, yau ita ce shugabar makaranta. Digiri ba ya ba da aiki da kansa a ƙasar nan, wannan kam ka sa shi a ranka tun yanzu. Amma a cikinmu duk wanda ya samu hanya, in ka bincika za ka tarar wani ɗan aji ne ya yi masa nuni, kuma sau da yawa ba ɗan garinsu ba ne.

Maganar kwas kuwa, kada ta hana ka barci. Ka je sashenku ka tambayi ƙa'idar sauya kwas, ka ji da kunnenka, kada ka dogara da an ce. In bai yiwu ba, ilimin zamantakewa ba abin rainawa ba ne. Ƙungiyoyin agaji da masu binciken lafiya da ilimi suna neman mutanen da za su shiga unguwa da ƙauye su tattara bayanai, kuma wanda ya iya Hausa da Turanci ya iya manhajojin lissafi da nazarin bayanai na kwamfuta, Excel da SPSS, yana gaba. Ka koye su tun kana aji biyu. Makinka kuma ka tsare shi tun shekarar farko, don wurare da yawa suna fara tantancewa ne daga matsakaicin maki 3.50 cikin 5.00, kuma wanda ya zube a farko da ƙyar yake tashi. Ka kuma shirya wa yajin aikin malaman jami'a. Na 2020 ya kai kusan wata tara, na 2022 wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. In ya zo, ka kama sana'a, kada ka zauna jira.

Saboda haka ni shawarata ka nemi hostel, ko da na shekara ɗaya ne. Gadaje ba sa isa, sai ka nema da wuri. Wasu suna haɗa kuɗi su kama ɗaki a Danbare, unguwar da ke kusa da makarantar, amma wannan sai da yardar Baba da kuma sanin waɗanda za ka zauna da su, don akwai shaye-shaye da abokan banza a ko'ina, kuma tsoron iyaye a kan haka yana kan hanya. In Baba ya ce a'a, ko aljihu bai ba da dama ba, ka yi biyayya ka zauna a gida, amma kada ka riƙa gudu da an tashi daga aji. Ka tsaya ka yi La'asar a makaranta. Ka shiga rukunin bita wanda ba 'yan unguwarku a ciki, ka shiga ƙungiyar ɗaliban sashenku ka karɓi aiki ko na raba takarda ne. Kai ne ɗan gari, kai ke da abin bayarwa: da Sallah ka gayyato waɗanda ba su je gida ba su ci tuwon Hajiya, ka kai su kallon Hawan Daushe, ka zaga da su Kurmi da Gidan Makama, ku hau Dala. Yawancinsu shekara huɗu suke yi a Kano ba wanda ya taɓa shigar da su cikin gida.

Ka zauna da Baba a cikin makon nan ku yi maganar, tun kafin a buɗe neman gado. In kun yanke shawara ka dawo ka sanar da mu, akwai 'yan uwa a nan da suke koyarwa a can, za su nuna maka inda za ka fara. Allah ya ba da sa'a, ya haɗa ka da abokai na gari.