Tambayoyinku: Ina son sassaƙa igiyar teku, alhali ko Legas ban taɓa zuwa ba

TAMBAYA: Salam Yaya. Ni yaron kafinta ne a Panteka, gidanmu Tudun Wada. Kwanaki a Instagram na ci karo da wasu turawa masu sassaƙa, su ba kujera ba gado, igiyar teku suke fitarwa a jikin icce, da ƙananan falankan nan da ake hawa a yi zamiya kan ruwa, da kifaye, da wasu fuskoki masu manyan haƙora. Abin ya shiga raina har na fara gwadawa da guntayen katako in oga ya tashi, amma abokaina sai dariya, wai igiyar tawa kamar malmalar tuwo ta kife. Daga ina abin nan ya faro ne, kuma in ci gaba ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikassalam ƙanena. Kar ka haƙura, amma tsaya ka ji tushen abin tukuna.

Wasan hawan igiyar ruwan nan a tsibiran Hawai ya yi ƙarfi tun kafin turawa su je, kuma falankin kansa aikin masassaƙa ne, icce ake sarewa a feƙe. Akwai dogo mai suna olo da kan haura mita 4, na sarakuna ne, sai gajere alaia na kowa da kowa, yawanci daga itacen koa. Wanda ya fitar da wasan duniya ta sani shi ne Duke Kahanamoku, ɗan Hawai ɗin da ya ci zinare a iyo a gasar Olamfik ta 1912, ya je Sidni ta Ostareliya a ƙarshen 1914 ya sassaƙa falanki da hannunsa ya hau ruwa jama'a na kallo, kuma falankin na nan an adana har yau. Wajen ƙarshen shekarun 1950 aka koma yin falankin da soso mai tauri a lulluɓe da faiba, toh daga nan na icce ya fara zama abin rataya a bango da tuna baya. Wasan ma ya shiga Olamfik a gasar Tokyo da aka yi a 2021.

Su fuskokin nan kuwa tiki ake ce musu, asalinsu abin bauta ne da tuna kakanni a tsibiran Folinesiya, daga baya gidajen shaƙatawa na Kalifoniya suka mai da su kayan ado. Nan kam ka san maganar malamanmu kan sassaƙa mai rai, ka je ka tambayi malaminka kafin ka sa gizago, ni ba mai fatawa ba ne. Igiyar ruwa da jirgi da falanki dai ba mai ce maka komai.

Yanzu ga dalilin dariyar abokanka. Da yawan mutanen da kake kallo ba makarantar zane suka yi ba, su da kansu ne masu hawa ruwan, sun sha faɗuwa, sun sha ruwan gishiri, sun san yadda igiyar ke tasowa ta lanƙwaso ta rufe mutum, har iccen ma sau tari a gaɓa suke tsinta wanda teku ta wanke ta tofo. Kai kuma hoton hoto kake kwaikwaya a waya. Kwaikwayon ba laifi ba ne wallahi, da shi hannu ke faɗawa, Lamidi Fakeye da sassaƙarsa ta zaga duniya sai da ya yi almajiranci wurin George Bamidele kafin ya zama malami a jami'ar Ife. Amma ba a nan ya tsaya ba. Kuma a nan Zariya ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya a 1958 kan wannan maganar, a koyi dabarar waje amma a zana abin gida.

Kai kana da ruwa fa. Ka je bakin kogin Kaduna cikin Agusta ka zauna nesa kaɗan, ka ga yadda ruwa ke murɗawa in ya daki ƙafar gada, yadda kwalekwale ke ɗaga hanci in mai fito ya soka gora, yadda birgi, ragar nan da masunta ke jefawa, ke buɗewa a iska kafin ya faɗa. Ba wanda ke sassaƙa wannan a Kalifoniya. In kuma tekun ce dole, ka tara kuɗin mota, a Tarkwa Bay ta Legas yara 'yan Najeriya na hawan igiyar, da jirgin ruwa ake shiga wurin.

Batun icce, ka fara da malaina, tana da laushi ga araha, in hannunka ya nuna ka koma maɗaci. Ƙirya ka bar wa masu turmi tukuna, za ta cinye maka bakin kurfi a banza. Kar ka sassaƙa ɗanye, ka shafe bakunan biyu da fenti ko kakin kyandir ka jingine a inuwa, in ba haka ba hunturu na zuwa zai tsage maka aiki. Ka duba jijiyar iccen, inda ta lanƙwasa da kanta nan za ka sa bayan igiyar. Kuma don Allah ka rage banish, masu koyo na son su malale komai da ƙyalli har sawun gizago ya ɓace, alhali masu saye shi suke nema.

Guntayen katakon kuma ka sanar da oga kafin ka ɗauka, kar wataran ya ƙirga ya ga ba daidai ba.