Amsa: Me zan duba kafin in sayi motar hannu?

Malam, ka tambayi abin da za ka fara dubawa. Ka je da sassafe, inji na sanyi, don mai mota yakan ɗumama shi ya ɓoye wahalar tashi. A tayar, kai kuma ka tsaya bayan salansa. Shuɗin hayaƙi, inji na shan baƙin mai ke nan. Fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa kuwa, ruwan lagireto ne ke shiga inji. Buɗe murfin baƙin mai: in ka ga kumfa kamar madara, gara ka haƙura.

Ƙyallin fenti kada ya ruɗe ka. Maganaɗisu ba ya kama inda aka cike bodi. Lambar shasi ta dace da takardu. Kuma bakanikenka za ka ɗauka, ba na dillali ba.