Na bakwai ne ni a zaɓen 'yan wasan Fantasy, ya zan yi?

Tambaya: Malam, mu takwas ne a gidan kallonmu na Jekadafari, Gombe, muka buɗe gasar zaɓen 'yan wasan Firimiya a shafin intanet na Fantrax, inda 'yan wasan da ka zaɓa ke tara maka maki, da dokokinmu: ƙwallo maki 4 ko wa ya ci, wasan da ba a zura wa ƙungiya ƙwallo ba maki 6 ga 'yan baya da gola, ƙwace ƙwallo sau uku maki 1. Kowa zai ɗauki 15: gola biyu, 'yan baya biyar, 'yan tsakiya biyar, 'yan gaba uku. Ƙuri'a ta ba ni na bakwai. Kafin a zo kaina an kwashe manyan. Shi ke nan na faɗi?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Zaɓen juyawa yake yi, wanda ya zo ƙarshe a zagaye ɗaya shi ke fara na gaba, don haka naka su ne na 7, na 10, na 23 da na 26. Wanda ya fara kuwa sai ya jira har na 16.

Abin da zai kayar da kai daban ne, kuma kullum sai na gamu da shi: jerin sunayen da ake turowa a WhatsApp wai na "gwanaye". Wannan jeri na FPL ne, wato Fantasy Premier League na kowa da kowa, inda ake sayen ɗan wasa da kuɗi, ake ninka makin kyaftin, kuma mutum dubu za su iya riƙe Haaland lokaci guda. A naku babu ko ɗaya cikin ukun nan. Can ɗan tsakiya maki 5 yake samu a ƙwallo, ɗan baya 6, ku kun mayar da kowa 4. To, me ya haɗa ka da jerinsu? Masu yaɗa shi ko dokokinku ba su karanta ba, amma sai ka ga mutum ya rungume shi hannu bibbiyu.

Ɗauki biro. A kakar 2023/24 Haaland ya ci 27, wato maki 108. Arsenal ta yi wasa 18 ba a ci ta ba, ɗan bayanta Saliba kuma bai rasa minti ko ɗaya ba. Sha takwas sau shida, 108 cif, tun ba a ƙirga ƙwace-ƙwacensa ba. A wancan jerin ba za ka taɓa ganin sunayen nan biyu kusa da juna ba.

Sai dai kada ka ruɗe ka kwashi 'yan baya zalla. Ku takwas za ku ɗauki 'yan gaba 24, alhali ƙungiyoyi 20 ne, yawancinsu kuma da ɗan gaba ɗaya suke fara wasa. 'Yan baya masu farawa sun kai 80, ku 40 kuke buƙata. Saboda haka na 7 ka ba ɗan gaban da ke buga wa ƙungiyarsa fenareti, na 10 ɗan bayan ƙungiya mai tsauri wanda ba a canza shi. A na 23 da na 26 nemi 'yan tsakiya masu ƙwace irin su Caicedo da Rice, waɗanda dokarku ta ɗaga wa daraja.

Gola ka bar shi sai zagayen ƙarshe-ƙarshe, ba za su ƙare ba. Idan kuma shekarar gasar cin kofin Afirka ce a tsakiyar kaka, kada 'yan Afirka su wuce biyu a cikin sha ɗayanka.